Ranar da Matan Zongo Suka Yi Shiru

'Ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji a bakin dangi. Ana cewa taurin kaina ne ya raba babanku da aikinsa na tashar jiragen ruwa, shi kuwa mutum ne mai sanyin hali da ya bi mace har ta kai shi ga talauci. Abin da aka faɗa a kaina ban damu da shi ba. Amma abin da aka faɗa a kansa zalunci ne ga mutumin da ba ya duniya balle ya kare kansa. Tun da idona yana gani har yanzu, bari in faɗa muku yadda shekarar nan ta kasance, domin ni kaina har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi.

Mu Kirista ne a tsakiyar tsohon Zongon Lome, tun kafin a rushe shi a kwashe mu zuwa Agwe. Mahaifina Bahaushe ne daga ƙasar Zazzau, ma'aikacin asibiti, ya biyo ta Gana ya sauka Lome, ya rasa inda zai ji harshensa sai Zongo. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Sule, ya ba shi ɗaki a gidansa, ko da yake ya san addininsu ba ɗaya ba ne. A gidan aka haife ni, a nan uwata ta rasu ina ƙarama, matar Alhaji, Hajiya Asabe, ta ɗauke ni ta haɗa da 'ya'yanta. Atamfa take sayarwa a babbar kasuwa, mace ce mai murya da jiki, in ta yi magana a tsakar gida har layi na biyu ana ji. Tun ina yarinya ba ta taɓa fasa gaya mini cewa na ɓata hanya a kan Annabi Isa ba, ba ta kuma taɓa bari na kwana da yunwa ba. Da na yi aure ma ban yi nisa ba, ni da babanku muka kama ɗakuna biyu a bayan gidan.

A lokacin ina koyarwa a lakwal, wato makarantar firamare, babanku kuma akawu ne a tashar jiragen ruwa, kullum da farar riga da ɗamarar wuya. Ran Lahadi muna zuwa wani ɗan cocin kwano a unguwar Amutive, inda ake ba mu wuri mu yi sujada da Hausa bayan 'yan ƙabilar Ewe sun tashi. Ni nake jagorantar mawaƙa. Akwai wata waƙa da na yi da kaina, bayan ƙyanda ta ɗauke mini ɗan farina Yakubu, yayanku da ba ku sani ba, bai ma gama koyon tafiya ba. Na yi watanni ba na iya addu'a. Wata rana ina wanki sai kalmomin suka zo mini da muryarsu, na tsaya da hannu cikin kumfa ina kuka ina rerawa. Amshinta shi ne:

Kai kaɗai ne gaskiya, jiya da yau ba ka sake ba.
Mutuwa ta kama ka, ta kasa riƙe ka.
Ba ni da wani mai ceto sai kai.

Waƙar ta fita daga coci ta shiga unguwa, domin muryarta mai daɗi ce. 'Yan matan Zongo Musulmi suna rera muryar wajen daka, su bar kalmomin.

Ku da kuka taso daga baya ba za ku gane zamanin ba. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kowa ɗanta ne ko ya so ko bai so ba. Kowace unguwa tana da ƙungiyar animasiyo, wato masu waƙa da rawa don yabon Shugaba, a saka atamfa mai hotonsa a yi layi a rana. Saboda muryata aka ɗora ni a kan ƙungiyar matan Zongo, kuma ban ƙi ba. Mun yi waƙar haɗin kai, mun yi ta noma, mun yi ta titi da asibiti, muna roƙa masa tsawon rai. Ban ga laifin wannan ba, domin an umurce mu mu girmama masu mulki mu yi musu addu'a. Sai shekarar da jirgin Shugaba ya faɗi a arewa ya fita da ransa. Daga nan waƙoƙin suka canza. Aka fara cewa mutuwa ba ta iya masa, aka fara kiransa da sunayen da ban taɓa jin an kira ɗan Adam da su ba.

Wakilin jam'iyya a unguwarmu wani saurayi ne, Mushe Idrisu (Mushe shi ne yadda ake kiran ɗan boko da Faransanci), ɗan Zongo, tare muka yi wasan ƙasa. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa, domin manyansa suna matsa masa cewa Zongo ba ta nuna ƙauna kamar sauran unguwanni. Wata rana da la'asar ya same ni a ƙofar lakwal yana murna. Ya ce ya sami waƙar da za ta fitar da mu kunya ranar da manyan jam'iyya za su zo duba shirinmu. Waƙata ce. Ya ce ba sai an canza komai ba, a sa sunan Shugaba a farkon kowane baiti kawai, tun da ga mutuwa ta kama shi ta kasa riƙe shi, kamar don shi aka yi ta. Na ce masa zan yi masa sabuwa wadda ta fi ta daɗi, in ya so goma, amma wannan tana da mai ita. Ya yi dariya, ya ce ya riga ya rera wa manyansa sun yi na'am, ba ja da baya.

Da babanku ya dawo aiki na gaya masa muna cin akume, tuwon masarar Ewe, da miyar kuɓewa. Babanku mutum ne mai karatu, ya yi lise, wato sakandare, yana da littattafan masu tunani na Faransa a kan kabad, kuma yana son Allah, kada wani ya gaya muku ba haka ba. Amma ra'ayinsa a lokacin shi ne gaskiya kamar tufafi take, kowace al'umma da irin nata ɗinki. Lokacin da aka ce a yar da sunayen baftisma a ɗauki na gargajiya, ranar farko ya bar Bitrus ya koma Ɗanladi, bai ji komai ba. Ya zaunar da ni cikin lallashi. Ya ce in duba layinmu kawai: Hajiya tana da gaskiyarta, Ewe masu zuba wa gunki giya suna da tasu, mu muna da tamu, jam'iyya ma tana da tata, kuma zaman lafiyar Zongo ya ginu ne a kan kowa ya bar kowa. Ya ce kalma iska ce, ma'anarta tana zuciyar mai faɗa. In buɗe baki in ce Shugaba, a zuciyata in nufi Almasihu, Allah ya san abin da nake nufi. Ya tuna mini da ke Rahila, kina aji biyu a makarantar kuɗi, da kai Dauda da nake goye da kai. Duk abin da ya faɗa da hankali ya faɗe shi, ni kuwa ba ni da karatun da zan ja da shi. Abu ɗaya ne kawai ya tsaya mini a rai.

Na ce, "Baban Rahila, in kowa da gaskiyarsa ne, ina Yakubu yake?"

Ya ajiye lomar da ke hannunsa.

Na ce, "Ko dai Almasihu ya tashi daga matattu da gaske, zan sake ganin ɗana, ko kuwa bai tashi ba, ina ruɗin kaina ne da waƙa. In gaskiyata ce ni kaɗai, ba ta iya buɗe kabari. Ni wadda ba tawa ba nake so, wadda tana nan ko na yarda ko ban yarda ba."

Ya wanke hannu ya fita ƙofar gida. Muka yi kwanaki muna gaisawa kamar baƙi, yana kawo cefane, ina ba shi abinci. Na san tsoron da yake ji, domin mun ga waɗanda aka ɗauka saboda maganar da ba ta kai wannan ba, wasu sun dawo ba haƙora, wasu ba a sake jin labarinsu ba.

Ran Asabar na je rumfar Hajiya a kasuwa, na zauna a kan turamen atamfa na gaya mata komai, har da maganar babanku. Na yi zaton za ta ce ruwana, tun da waƙar coci ce. Sai ta sa na rera mata da sabbin kalmomin a hankali. Da na kai wajen mai ceto ta ɗaga hannu ta tsayar da ni, ta yi ta istigfari. Ta sallami mai ciniki da ke tsaye ba tare da ta sayar ba, abin da ban taɓa gani ta yi ba.

Ta ce, "Saratu, ni na ce kin yi kuskure a kan Annabi Isa, ke kin ce ni na yi. Ɗayanmu ce ta yi, ranar gobe za a gani. Amma mai cewa duk mun yi daidai, ya mayar da ni da ke yara masu wasan 'yartsana. Da ban ɗauke ki da daraja ba, da ban ɓata bakina shekara da shekaru ina yi miki wa'azi ba."

Ba ta ce za ta yi wani abu ba, ni ma ban roƙe ta ba. Na koma na sake gaya wa Idrisu ba zan koyar da waƙar ba. Ya ce ba komai, shi zai koyar, tun da mata sun san muryar, ni dai in tsaya a gaba ranar kamar kullum in ba da hannu. Ya tabbata in na ga manya a zaune kunya da tsoro za su buɗe mini baki. Ni ma, in faɗa muku, ban san abin da zan yi ba. Na yi ta addu'a Allah ya kawo mini zazzaɓi ranar, amma na tashi da lafiya garau.

A filin lakwal aka yi taron, da hantsi. An kafa rumfa, manyan jam'iyya suna zaune da baƙin tabarau, sojoji biyu-uku a bayansu, mutanen unguwa sun kewaye filin. Matan Zongo sun yi sahu-sahu cikin atamfa iri ɗaya, Hajiya tana sahun gaba saboda girmanta. Muka yi waƙar noma, muka yi ta haɗin kai, manya suna kaɗa kai. Sai makaɗa suka juya kiɗa zuwa waƙata. Na ɗaga hannu kamar yadda na saba, na ja numfashi, sai na ga fuskar Yakubu kamar yadda take ranar da aka naɗe shi a likkafani. Hannuna ya sauko da kansa. Na rufe bakina, na rufe idona, ina jiran muryoyin mata su wuce ni su bar ni tsirara a gaban jama'a.

Ba wadda ta rera. Makaɗa suka zagayo suka sake ba da ƙofa, shiru. Suka sake, shiru. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke sanduna. Na buɗe ido na ga matan nan duka a tsaye, masu sayar da waina da masu kitso da matan alhazai, hannuwa a gefe, idanu a ƙasa, ba mai motsi. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba a Zongo, unguwar da ko da asuba ba ta rasa hayaniya. Har keken ɗinkin wani tela da ke tsallaken titi muna ji, shi ma daga baya ya tsaya. Na ji kamar wani ya shigo filin wanda ya fi duk na cikin rumfar girma, kowa kuma ya san ya shigo. Daga baya na ji cewa Hajiya ta bi gida-gida tana gaya wa mata kalmomin nan shirka ce, duk wadda ta faɗa ta san inda za su kai ta. Matan nan ba su yarda da wanda na yi wa waƙar ba, amma sun san ba a yi wa mutum ita.

Ni aka ɗauka, tun da ni ce a gaba. An kai ni ofishin 'yan sanda, aka ajiye ni kwanaki a wani ɗaki tare da mata masu laifin kasuwa. Ba a doke ni ba, sai dai tambaya safe da yamma: wa ya sa ni, wace ƙasa ce ta biya ni. Hajiya tana aiko abinci kullum, rabinsa yana iso ni.

Wata safiya aka fito da ni zuwa ofishin babban ɗan sanda, na tarar da babanku a zaune da farar rigarsa, ya rame. Babban ɗan sandan dattijo ne, da gani ya gaji da maganar, yana neman hanyar rufe ta ba tare da an kama matan unguwa guda ba. Da Faransanci ya yi bayani. Ya ce ya ji labarin na rasa ɗa, kuma mace takan taɓu bayan irin wannan. In mijina ya shaida a gaban magatakarda cewa tun rasuwar yaron hankalina ba daidai yake ba, nakan ɗauke wuta haka kawai, matan kuma ruɗewa suka yi da suka ga shugabarsu ta tsaya, shi ke nan, in tafi gida a ranar, shi kuma ya koma aikinsa. Ni aikin koyarwa ya riga ya tafi, amma gidanmu zai tsira. Babanku ya san da wannan shiri, an gaya masa tun jiya, kuma ya zo ne da niyyar ya faɗa. Ni ma ban ji haushinsa ba. A raina na ce ya faɗa kawai mu koma wurin yara, ni na riga na yi nawa.

Magatakarda ya ɗora yatsu a kan tafireta. Babanku ya buɗe baki, ya juyo ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na ga zufa tana bin wuyansa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, matata lafiyarta ƙalau. Ban taɓa zama da mai hankali kamarta ba. Ta san abin da ta yi, kuma ta san dalili."

Dattijon ya cire tabarau, ya ce ko Mushe bai fahimci tambayar ba ne, zai sake ta. Ya sake ta a hankali kamar mai koya wa yaro. Babanku ya ce ya fahimta tun farko, amsar ita ce dai. Bai janye ko kalma ɗaya ba. Dattijon ya juya alƙalami, sannan ya ce wa magatakarda ya fita. Ya ce mana shi ma yana zuwa coci, ya kore mu da hannu, ya ce kada ya sake ganin fuskarmu. Har yau ban san abin da ya rubuta wa manyansa ba. Abin da na sani shi ne ba a taɓa ko mace ɗaya a Zongo ba, babanku kuma kafin ƙarshen mako an sallame shi daga tashar.

A hanyar gida muka zauna a gindin wata bishiya a Amutive, motoci suna wucewa. Na tambaye shi me ya faru, tun da da bakinsa ya ce kalma iska ce. Ya ce shi ma bai sani ba. Ya ce ya shirya jimlar tun daga gida, ya maimaita ta a hanya, amma da ya dube ni sai ya ga lafiyar hankalina ba ra'ayinsa ba ce, ba kuma ra'ayin ɗan sandan ba, abu ne da yake nan tsaye kamar bango, ko an sa hannu ko ba a sa ba. Ya ce a take ya gane in akwai abu ɗaya da yake haka ko da duk duniya ta ce ba haka ba, to akwai wanda ya tsayar da shi, kuma a gabansa yake magana. Sai ya rufe fuska ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar da muka binne Yakubu.

Abin ya ci mu, ba zan ɓoye muku ba. Rahila, an cire ki daga makarantar da kike so, kin yi shekaru kina jin haushina, na sani. Abokan babanku na ofis suka daina gaishe shi a titi. Duk inda ya nemi aiki sai a ce a dawo gobe. Littattafansa da rediyonsa da keken hawansa duk sun tafi. Ni na koma dama koko da suyar ƙosai a bakin titi, sana'ar da Hajiya ta koya mini tun ina budurwa, shi kuma daga baya Alhaji Sule ya sa shi tsaron shagonsa, a nan ya tsufa. Bai taɓa cewa ya yi jarumtaka ba. In an tayar da maganar sai ya ce tsoro biyu ne suka haɗu masa, babba ya danne ƙarami.

Litinin ta farko bayan sallamarsa ita ce nake so ku riƙe. Ya tashi da sassafe kamar yadda ya saba, ya yi wanka, ya sa farar riga, ya ɗaura ɗamarar wuya, sannan ya tuna ba inda za shi. Ya tsaya a tsakar gida yana kallona ina fama da tukunyar koko, kai Dauda kana baya kana kuka. Sai ya kwance ɗamarar ya rataye a ƙusa, ya naɗe hannun riga, ya sunkuci tukunyar. Na ce ya bari, namiji akawu ba ya ɗaukar tukunyar mace a Zongo, za a yi masa dariya. Ya ce in wuce gaba kawai.

Hanyar bakin titi ta gaban masallaci take bi, dattawa suna zaune a kan tabarmi bayan sallah suna jan carbi. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da za a ce. Limamin unguwa tsoho ne tukuf, ba ya tashi wa kowa, ko manyan jam'iyya a zaune yake karɓarsu, kuma tsawon zamanmu bai taɓa kiran babanku da wani suna ba sai Mushe. Da muka zo daidai su, sai na ga ya dafa kafaɗar na kusa da shi, ya miƙe da ƙyar. Sauran dattawan suka miƙe tare da shi.

Ya ce, "Malam, an tashi lafiya?"

Babanku ya tsaya da tukunya a hannu, tururi yana dukan fuskarsa, ya rasa yadda zai rusuna. Ya ce lafiya lau, ya gode. Suna tsaye har muka sha kwana.